Baƙin da ke cikin hancin Kalilu

Ruwan marka ya huda rumbun Kalilu a Tozai, dawar bara ta yi fumfuna. Shi kuwa mutum ne da ba a gaya mishi ya ji. Matarsa Fatu ta ce ya bari a sami mai shiga, ya ce har yaushe ya tsufa. Wuni guda ya yi a ciki yana kwasa yana atishawa, ga ciwon suga, ga magani ya ƙare tun kafin shuka.

Sugan nan ya riga ya dushe mishi idon hagu. Da na dama yake noma, da shi yake gane mutane. Kwana uku bayan aikin rumbun, gefen fuskarsa na dama ne ya kumbura, kai na sara.

Fatu ce ta aika a kira Sodangi wanzami. Ya kafa ƙaho a gefen kai, ya leƙa hancin Kalilu, ya ga wani baƙin ɓawo.

"Mugun jini ne ya sami hanya," in ji shi. "Ku bar shi ya fita."

Kullum da safe Fatu na duba baƙin nan, in ta ga ya ƙaru sai ta yi hamdala. Kwana tara tana murna da abin da ke cin mijinta. Sai ranar da ƙwayar idon ta turo waje, ta daina juyawa, sannan ta garzaya da shi asibiti.

Daga asibitin garin Isa aka tura su Sakkwato. Likitar, wata mai suna Hadiyya, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce fumfuna ce ta shiga ta hanci, suga ya buɗe mata ƙofa, ta ci nama har kwarmin ido. Baƙin nan mataccen nama ne. In ba a cire idon yau ba, ƙwaƙwalwa za ta nufa.

"Da mun zo da wuri fa?" Fatu ta tambaya.

Likitar ta ce, "Yanzu dai ransa muke nema, Inna."

Fatu ta gane. Ta koma bakin gadon Kalilu, baƙin ciki kamar ya kashe ta.

"Malam, ni na kira wanzami. Ni na hana mu taho."

"Ni kuma wa ya tura ni rumbu? Bar zancen ga. Za ni sa hannu a takardar, a cire." Ya ɗaga fatar idon da yatsa, don ba ta buɗuwa da kanta. "Matso nan wajen haske. Har yanzu ina gani kaɗan."

Ta matso. Ya daɗe yana kallonta, masu tura shi ɗakin tiyata na tsaye suna jira.

"Ashe kin yi furfura, Fatu," ya ce. "Yaushe? Shekara talatin ina da ido, ban duba ba."

Ya saki fatar idon ta rufe.