Saura Kwana Shida a Aske Amauris

Duk wadda ta shigo shagon gyaran gashina a nan garin Consuelo sai ta tambaye ni labarin almakashin can da ke rataye saman madubi. To, gyara zama, tunda kanki na cike da kumfa ba inda za ki.

Ƙanena Amauris yana da shekara shida zazzaɓin dengi ya kwantar da shi, har likita ya ce wa Mama ta kira dangi. Mama ba ta kira kowa ba. Ta durƙusa a bakin gadon ta yi bakance ga Uwarmu Maryamu ta Altagracia: in yaron nan ya tashi, almakashi ba zai taɓa kansa ba sai ya cika shekara goma sha bakwai, ya taka da ƙafarsa har cocin Higüey ranar idinta, ashirin da ɗaya ga Janairu, a aske shi a can. Me ya sa sha bakwai? Oho. Mama ba ta shawara da kowa in tana magana da sama. Yaro dai ya tashi, kwana uku sai ga shi yana kukan a ba shi shinkafa da wake. Shekara shida bayan nan Mama ta rasu, ta bar mini ƙane da gashi har gadon baya.

Duk Asabar da safe sai ya zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina, in wanke, in taje, in kitse masa jela ɗaya mai kauri. Wata da watanni, shekara da shekaru. Yana zama sai ya lumshe ido, wani lokacin har barci yake yi.

A garin nan kin san abu biyu ne: rake da besbol, wasan jifan ƙwallo ana bugu da sanda. Amauris jifa ya iya. In ya hau tudun jifa sai ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya shafi jelar nan, sannan ya sako ƙwallo. 'Yan ɗaya ɓangaren kuwa ba abin da ba su kira shi ba. "Amarya, a yi a hankali kada kitso ya warware!" "Ke 'yammata, ina mijin?" Shi ko sai ya jefo uku, mai sanda ya kaɗa iska sau uku, ya koma benci yana zagin sandarsa. Ni ce dai nake ramawa daga bayan waya, kuma ina ramawa da kyau, har alƙalin wasa ya taɓa sa a fitar da ni.

Mai horar da shi Don Nicasio ne, wani tsoho mai gurguwar gwiwa da ya ƙare ƙuruciyarsa yana cafke ƙwallo a ƙungiyar kamfanin sukari. Shi ya kawo mutanen wata babbar ƙungiya ta Amurka, da na'urarsu ta auna gudu. Amauris ya jefa, na'ura ta nuna gudun mil casa'in da uku a awa. Suka dubi juna, suka ce ya sake. Ya sake musu sau goma.

Ranar da amsa ta zo Don Nicasio ya faɗo shagon nan ko sallama babu, yana haki. "Yudelka, sun ɗauke shi! Sha biyar ga Janairu zai sa hannu, a ranar zai shiga makarantarsu."

Na yi guɗa har matar da nake busar wa gashi ta zabura. Sai na ga tsohon bai yi dariya ba.

"Sai dai doka ɗaya," in ji shi. "Ba a shiga da gashin da ya wuce wuyan riga. Manyansu za su zo daga can, kwana ɗaya za su yi, a ɗauki hoto kowa da askinsa. Na roƙa su jira shi zuwa ashirin da biyu. Wakilinsu ya ce yara arba'in ke layi a kan gurbin nan."

Amauris yana tsaye a bakin ƙofa da safar cafke ƙwallo a hammata. Ya ƙirga da yatsu. "Kwana shida ke nan tsakani."

"Shida fa kawai, ɗana. Uwarmu ai ba ta riƙe da kalanda."

"Don Nicasio, ita ba ta riƙe da shi. Mama ce ta riƙe."

Wallahi raina ya ɓaci. Rufin ɗakinmu na yoyo, ni ina tsaye daga safe zuwa yamma ina shaƙar hayaƙin man gashi, shi kuma yana min maganar kwana shida! Na ja shi har wurin Fada Eligio, limamin cocinmu. Fada ya saurare mu, ya ce Coci ta ba da damar a sauya bakance in ya yi nauyi: a aske yanzu, ya yi tafiyar daga baya, ya ƙara da ciyar da mabukata. Na ce Allah ya yi wa Fada albarka, kai ka ji ko?

Amauris ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Fada. Amma da Mama ta roƙa, ba a rage mata komai ba, gaba ɗayana aka ba ta. Ni kuma in zo biya in ce a rage?"

Fada ya dube ni, ya buɗe hannuwa. Muna fitowa na fara. Na kira shi mai taurin kai, na kira shi jaki, na ce Mama da tana raye ita da kanta za ta kama kunnensa ta aske. Ya bar ni na yi ta yi har gida.

To, ga abin da ban cika faɗa ba. Sha huɗu ga wata ta faɗo Asabar, ranar kitso. Na yi tunanina na gama. Bakancen a kansa yake, amma in ni na yanke ba da saninsa ba, ai laifin nawa ne. In ɗauki zunubin, shi ya ɗauki alƙalami. Na zura almakashin nan a aljihun gaban rigata.

Ya zo ya zauna kamar kullum, ya lumshe ido. Na wanke, na taje, na kitse. Jelar na hannuna na hagu, da nauyi, da ɗumi. A can gindinta akwai ɗan jan zaren da Mama ta ɗaura tun a asibiti, duk shekara ina ƙara masa sabo a kai don kada ya tsinke. Na sa hannun dama a aljihu.

"Yaya," in ji shi, ido a rufe. "Almakashinki na sukana a kafaɗa tun ɗazu."

Na daskare.

"Ba zan riƙe hannunki ba. Ke kika ciyar da ni. In kin yanke, gobe zan je in sa hannu, ba zan taɓa yi miki gori ba. Amma kin ga yadda muke yi a fili. Kowa in ya fitar da mai sanda sai ya ɗaga yatsa sama don godiya ga Allah. Ni da wane ido zan ɗaga?"

Bai motsa ba. Ya ma ƙara kwantar da kansa a gwiwata, wuyansa a buɗe. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tunda aka haife ni, sai hawaye. Na zare hannuna, na ɗaure ƙarshen jelar, na dungure masa kai na ce, "Tashi ka ba ni wuri, ɗan banza mai kan dutse."

Sha biyar ga wata ta zo ta wuce. Aka ba wani yaro daga garin Quisqueya gurbin, muka ga hotonsa da hula da sabon aski. Don Nicasio ya yi kwana biyu ba ya gaishe mu.

Sha takwas da asuba muka kama hanya a ƙafa, ta Hato Mayor da El Seibo. Kwana uku cikin rana, tsakanin gonakin rake da garken shanu, tare da tsofaffi masu sanda da mata masu goyo, kowa da abin da ya kai shi. Tun ranar farko ƙafata ta yi bororo. A rana ta biyu sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a gabanmu, Don Nicasio ya sauko da gurguwar gwiwarsa da ledar dafaffiyar ayaba. Ya ce, "Kada wanda ya yi min magana," ya shiga sahu yana ɗingishi.

Ranar idi cocin ya cika har waje, ba masaka tsinke. Muka bi layi awa huɗu, muka wuce gaban hoton Uwarmu, Amauris ya dafa gilashin ya faɗi abin da zai faɗa. A farfajiya ya durƙusa, ya miƙo min jelar ta saman kafaɗa. "Yanzu kam yanke, Yaya."

Sai da na danna sau biyar kafin ta rabu. Ya shafa ƙeyarsa, iska ta taɓa inda ba ta taɓa ba shekara goma sha ɗaya, sai ya tuntsire da dariya, yana yi hawaye na zuba. Muka ajiye jelar da jan zarenta inda masu bakance ke ajiye nasu. Ban taɓa alfahari da wani ɗan Adam ba kamar yadda na yi da yaron nan a ranar.

Kina jira in ce miki washegari suka kira? Ba su kira ba. Sai a watan Yuli wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke shi. Ya yi shekara huɗu a ƙananan rukunai, kafaɗa ta ba shi matsala, ya dawo. Yanzu shi ke riƙe da filin Don Nicasio. Har gobe akwai masu zama a kujerar nan su ce min ƙanena ya zubar da arziki saboda gashi. Sai in ce su je fili ranar Lahadi su ga yadda yake ɗaga yatsa sama, kansa a miƙe, ko ya ci ko an ci shi.

Almakashin kuwa, daga Higüey na kawo shi na rataye. Sau ɗaya ya kusa sa ni cin amana, sau ɗaya ya sauke alkawarin uwata. Bai ƙara taɓa kan kowa ba. Sunkuyo in ɗauraye miki.