Gyaran da Ezekiya Ya Bari

Karo na uku ke nan Dijatu tana buga sunan a kwamfuta, karo na uku kuma allon yana ce mata babu mai wannan suna.

"Baba, sake faɗa mini sunan mahaifinka."

"Ɗahiru, 'yata. Hammanjoda Ɗahiru, daga Sorau. Shekara huɗu ina zuwa asibitin nan."

Tsohon yana zaune a kan benci da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Katinsa na asibiti ya ƙone tare da ɗakinsa a lokacin gudun hijira. Abin da yake iya tunawa shi ne, akwai wata ƙwayar hawan jini da ta taɓa kumbura masa harshe har ya kusa kasa numfashi, kuma an rubuta sunanta a kwamfuta. Fara ce ko ja, bai sani ba.

Sista Alice, nas ɗin asibitin, ta leƙo daga ɗakin magani.

"Dija, an samu?"

"Ba a samu ba tukuna, Sista."

"To ni ba zan ba shi komai ba sai na ga abin da aka rubuta."

Dijatu ta san inda matsalar take. Manhajar da suke rajistar marasa lafiya da ita ba ta jituwa da haruffa masu lanƙwasa. Duk sunan da ke da ɗ, ko ƙ, ko ɓ, in an ajiye shi sai ya ɓuya, komai neman da za a yi. Sai dai mutum ya bi rajista shafi-shafi da ido. Haka ta yi. Ta koma shekarar 2011, ta fara gangarowa, layin marasa lafiya kuma yana ta tsawo a baranda. Wata mata mai goyo ta yi tsaki ta fita. Sai da aka kusa minti arba'in sannan ta gan shi: Hammanjoda ?ahiru, da alamar tambaya a gurbin harafin farko. A ƙasa an rubuta sunan ƙwayar da manyan baƙaƙe.

Alice ta karanta, sannan ta mayar da kwalin da ke hannunta kan kantar magani ta ɗauko wani.

"Useko, 'yata," in ji tsohon da zai fita, yana godiya da Fillanci. "Allah ya yi albarka."

Da rana ta take, mutane suka ragu, su biyun suka zauna a ɗakin rajista suna cin gyaɗa dafaffiya. Kwamfutar nan da duk abin da ke cikinta aikin Ezekiya ne, mijin Alice. Yana da shagon gyaran kwamfuta kusa da kasuwa, shi ya ɗora wa ƙaramin asibitin nan na unguwar Lamorde a Mubi manhajar, shi kuma ya koya wa Dijatu aiki da ita tun tana tsoron taɓa maɓalli. Manhaja ce ta kowa da kowa, ba a sayar da ita. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu su gina ta a wani shafin intanet, wanda ya ga ɓaraka ya rubuta gyara ya aika, manyan shafin su duba su karɓa. Ezekiya yana kiran su "mutanena".

Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, a ƙarshen Oktoban bara, ya ɗora Alice da yaransu biyu a bayan wata motar itace mai zuwa Maiha. Ya jefa mata ƙaramin faifan da ya kwafe bayanan asibiti a jaka, ya koma ɗauko mahaifiyarsa da ba ta iya tafiya. Daga shi har tsohuwar ba wanda ya fito.

"Ashe bai gyara abin haruffan nan ba?" Alice ta tambaya. "Sati nawa ya yi yana fama da shi. Abinci ya huce a gabansa."

"Ya gyara, Sista. Ya ce mini ya aika musu. Ban san inda maganar ta tsaya ba."

Alice ta murje ɓawon gyaɗa a yatsunta.

"Kin san wani abu, Dija? Kowa ya zo mini gaisuwa. 'Yan coci sun zo, babanki ya zo da liman, har masu kabu-kabun bakin shagonsa sun haɗu sun zo. Mutanen nan nasa na kwamfuta kaɗai ne ban ji daga gare su ba. Ko sun ma sani?"

"Da wuya su sani."

"To ki faɗa musu. Bai kamata mutum ya ɓace haka ba, a ce abokan aikinsa ba su ji ba."

Da Alice ta koma ɗakin magani, Dijatu ta cusa modem a kwamfuta ta jira layi ya kama. Ezekiya ya taɓa tilasta mata ta buɗe rajista a shafin, ya ce wata rana ita ma za ta aika gyara. Ba ta taɓa rubuta ko kalma ɗaya a can ba. Ta nemi sunansa, shafin gyaran ya buɗe a hankali, daga sama zuwa ƙasa.

Ga bayaninsa nan da Turanci, dogo, cike da ladabi, yadda yake magana. Ya yi bayanin haruffan, ya kawo misalai, ya ce a garinsu sunan mutum yana iya ɓacewa saboda lanƙwasa ɗaya. A ƙasa wani daga manyan shafin, wanda ya sa hoton keke a maimakon fuskarsa, ya ba shi amsa. Ya ce ya karanta sau biyu bai gane Turancin ba, kuma gyara ba tare da gwajin da zai nuna yana aiki ba ɓata wa mutane lokaci ne. Ezekiya ya amsa: "Na gode da ka duba. Ka yi haƙuri da Turancina. Zan ƙara gwajin gobe, in Allah ya yarda."

Dijatu ta dubi kwanan watan. Ashirin da takwas ga Oktoba.

Bayan sati biyu mai hoton keken ya rubuta: "Ina gwajin?" Bayan wata guda ya sake dawowa. "Haka suke yi. Su zo su zubar mana da shara su gudu, mu mu share. Duk saboda haruffan da mutum goma ke amfani da su. Na rufe." A ƙarƙashin maganar mutum huɗu sun danna alamar babban yatsa.

Ta daɗe tana kallon yatsun nan huɗu. Ranar da aka rubuta wannan, ita tana kwance a tabarma a harabar wata makaranta a Yola, Alice kuma tana bin duk motar da ta shigo tasha tana tambaya.

Ta fara rubutu ta goge. Ta sake farawa ta goge. Turancinta bai kai rabin na Ezekiya ba, in har nasa ya zama abin ba'a, nata fa? Ta tashi ta yi sallar azahar a bayan kantar rajista, ta dawo. A karon nan ba ta tsaya gyara komai ba. Ta rubuta cewa sunanta Dijatu, ma'aikaciyar rajista ce a wani asibiti a Mubi. Ezekiya bai gudu ba. An kashe shi washegarin ranar da ya ce zai ƙara gwajin. Yau wani tsoho ya kusa shan maganin da zai cutar da shi saboda harafi ɗaya. Masu haruffan nan kuma ba mutum goma ba ne. Ta danna aikawa kafin zuciyarta ta hana ta.

Marasa lafiya suka ci gaba da zuwa. Ta yi wa wata mai ciki rajista, ta yi wa wani manomi da fartanya ta sare a ƙafa. Tsakanin kowane mutum biyu sai ta leƙa shafin.

Wajen ƙarfe uku amsa ta zo, daga mai hoton keke. Layi biyu ne. Ya ce yana jajanta rashin, amma shafin nan na aiki ne, ba wurin labarin rayuwa ba, kuma har yanzu gyaran ba shi da gwaji.

Dijatu ta ji fuskarta ta yi zafi kamar an mare ta a kasuwa. Ta kai hannu za ta zare modem ɗin, sai ga wani saƙo ya faɗo a ƙasa. Wannan daga wata mata ce mai tabarau da furfura a goshi, ita ma cikin manyan shafin.

"Dijatu, ki gafarce mu. Na ga maganganun nan tun lokacin da aka rubuta su, na wuce ban ce komai ba, domin mun saba da jin irinsu. Laifin ya haɗa da ni. Ba mu da wata ƙa'ida a rubuce kan yadda za mu yi wa juna magana, yau zan kai maganar gaban sauran. Na sake buɗe gyaran. Ni zan rubuta gwajin, amma ban san harshenku ba. Ki taimake ni da sunaye goma masu haruffan."

Dijatu ba za ta ɗauki sunan marasa lafiya ta baza a intanet ba. Sai ta fara da na mutanen da ta sani. Ƙasimu, ƙanin mahaifinta. Ɗanladi mai shayin bakin titi. Haɗiza ta gidan da ke bayansu, wadda ta dage da ɗ ake rubuta sunanta. Da ta kai na shida sai ta tsaya, ta karanta daga sama. Uku daga ciki sun mutu. Ɗaya har yau ba a san inda take ba. Ta share idonta da gefen mayafi, ta cika goman, ta aika.

Matar ta yi ta tambaya, Dijatu tana amsawa. Shin babban Ɗ da ƙaramin ɗ abu ɗaya ne? In mutum ya buga Dahiru ba lanƙwasa, ya kamata Ɗahiru ya fito? Dijatu ta ce ƙwarai kuwa, domin yawancin wayoyi ba su da harafin. Ba wanda ya yi maganar Turancinta. Mai hoton keke bai sake cewa uffan ba.

La'asar ta yi sanyi, an rufe ƙofar gaba, lokacin da alamar da ke saman shafin ta sauya launi. An karɓi gyaran, da sunan Ezekiya a kansa.

Alice ta shigo da jakarta a kafaɗa.

"Kin faɗa musu?"

"Na faɗa, Sista. Sun karɓi aikinsa. Wata mata ta ce a yi miki gaisuwa."

"Matsa in gani."

"Bari in karanta miki ƙarshen kawai."

"Dija, na iya karatu."

Ta ja kujera ta zauna, ta kama linzamin kwamfutar ta koma can sama. Dijatu tana tsaye a bayanta, tana kallon wuyanta. Da ta iso wurin "in Allah ya yarda" sai hannunta ya tsaya. Da ta iso maganar shara, sai ta cire gilashinta ta goge shi da bakin riga, ta mayar, ta ci gaba. Ta karanta na Dijatu, ta karanta na mai tabarau, ta karanta sunaye goman ɗaya bayan ɗaya tana motsa leɓe.

A can ƙasa akwai sabon saƙo da Dijatu ba ta gani ba. Ba hoton kowa a jikinsa.

"Barka da zuwa, Ezekiya! An karɓi gyaranka na farko, yanzu kai ɗaya ne daga cikinmu. Muna fatan sake ganinka nan ba da daɗewa ba."

"Wayyo, Sista," in ji Dijatu. "Wannan ba mutum ba ne. Na'ura ce take aika wa duk wanda aka karɓi aikinsa karon farko. Ba ta san komai ba. Bari in rufe."

Alice ta riƙe mata hannu.

"Bar shi."

A waje mai gadi yana tambaya ko ya kashe janareta.

"Wata goma," Alice ta ce, idonta a kan allon, "ba wanda ya yi masa magana kamar yana nan."

Ta sauke jakar daga kafaɗarta ta ajiye a ƙasa. Dijatu ta leƙa taga ta ce wa mai gadi ya ɗan dakata.