Ruwan Mai Gutsurarren Kunne

Matan dutse uku ne da aka sassaƙa a maɓulɓular ƙauyenmu, kowacce rungume da tulu, ruwa na zuba daga bakinsa tun zamanin sarakunan Bali na da. Ruwan biyu daga cikinsu na masu rai ne. Ta ukun, mai gutsurarren kunne da ke tsaye ta wajen teku, da ruwanta ake wanke gawa kafin a ƙone ta. Ko yaron goye ba a bari ya taɓa shi.

Da girgizar ƙasa ta tsaga bangon maɓulɓular, masu adana kayan tarihi suka zo daga birni, suka sauke matan, suka gyara, suka mayar. Aiki kam ya yi kyau. Sai dai mai gutsurarren kunne ta koma tsakiya, su kuwa ko a jikinsu.

Ranar da jikata Sekar ta cika wata uku, ranar da ƙafarta za ta fara taɓa ƙasa, ni na je ɗebo ruwan wankanta. Na ga canjin, na ce ai kunnen ne alama. Na tsallake ta tsakiya, na tara tuluna a ta wajen teku.

Aka yi wanka, aka ci shinkafa, yarinya sai dariya take. Da la'asar na koma kai furannin godiya, sai na tarar da maƙwabciyata Men Gubreg, wadda mijinta ya cika da rana tsaka, ta tara tulu daidai inda na tara nawa.

"Ke Men Gubreg, kuka ya rufe miki ido ne? Ga ta can a tsakiya!"

"Ke dai idonki ya tsufa. Dutse ne ke haifar ruwa? Kafar ruwan matattu tana nan inda take."

Na ruga gidan Mangku Redana, tsohon da ke jagorantar bautarmu.

"Ranka ya daɗe, matar ce ta matattu, ko gurbin?"

Ya ce, "Men Rumi, tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa raba su ba. Wa ya taɓa tambaya, balle a bar mana amsa?"

Na koma gida na tarar Sekar na barci, gashinta da sauran danshi. Na sa yatsa a hancinta. Tana numfashi. Na sake sawa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

"Inna, lafiya?" in ji surukata Sulasih, uwar Sekar. "Kamar kin taka maciji."

Tulun na nan a bakin ƙofa, da sauran ruwa rabi. Idan rakiya zuwa lahira aka aiko ruwan nan ya yi, na san ba zai koma shi kaɗai ba. Na ɗaga tulun na juye a kaina kaf.

"Inna! Mene ne haka kuma?"

"Zafi nake ji," na ce mata.

A zuci kuwa da ruwan nake magana: ga tsohuwa nan, ta fi kusa da hanya, ka ƙyale yarinyar.