Inda Aka Sa Katangar

Ranar Talata, goma sha huɗu ga Mayun 2019, mutum arba'in da bakwai suka taru a ƙofar maigari, a wani ƙauye gabas da Tamaske. Tara na kan kujeru, ashirin da shida na kan tabarmi, sha biyu suna tsugune daga baya. Takawa na cikin sha biyun. Kakanninsa sun yi bauta a hannun makiyayan arewa. An haura shekara ɗari da soke ta a takarda, amma wurin zama bai sauya ba.

Mansur, injiniyan da aka aiko daga birnin Tawa, ya shimfiɗa taswira. Za a gina katangar duwatsu a ƙorama don karya ƙarfin ruwa, daidai saman lambun albasar Kalla, ƙanen maigari.

Shekara ashirin da biyu Takawa ya yi yana jera duwatsu a tsaunukan Keita. Ya auna wurin da ƙafa, ya duba tarkacen da ambaliyar bara ta rataya a rassan bagaruwa, ya gane cewa in aka tare ruwa a nan zai karkata hagu ya faɗa unguwarsu, inda matarsa da 'ya'yansa biyar suke. Sai dai irinsa ba ya magana a taro. Kowane gida a unguwarsu yana da mai kai masa magana, kuma tun zamanin ubansa gidan su Kalla ne bakinsu. Da hantsin ranar ya durƙusa wa Kalla, ya zana komai a ƙasa da tsinke, ya roƙi a matsar da katangar taki ɗari uku. Kalla ya ce ya ji.

"Akwai mai gyara?" in ji Mansur.

"Babu, mushe," in ji Kalla, da kalmar Faransanci da ake girmama ma'aikata da ita. "Sai dai Takawa ya yi mafarkin ruwa."

Aka yi dariya. Takawa ya miƙe.

"Ba mafarki ba ne, ranka shi daɗe. Bakin ƙorama na hagu ya hi na dama ƙasa da kamu biyu. Ruwa ba shi hawa tudu."

Mansur ya sunkuya kan taswirar. Ya daɗe yana bin wani layi da yatsa, fuskarsa ta sauya.

"Baba, wa ya koya maka awo?"

"Dutsi ya koya mishi," in ji Kalla. "Mushe, shekara nawa ka yi karatu a lakwal? To, ajiye biro ka ba shi."

Maigari ya zuba wa injiniya ido. Mansur yaro ne, wannan ne aikinsa na farko, kuma ba a soma gini sai da hannun maigari. Ya naɗe taswirar a hankali.

"Za mu duba, Baba."

Takawa ya koma ya tsuguna. Na kusa da shi ya ɗan matsa gefe.

Da aka zo ɗaukar ma'aikata, Takawa aka fara kira, don babu wanda ya kai shi iya jeri. Rumbunsa ba kome, ya karɓa. Ya yi tunanin barin rauni a gindin ginin, hannunsa ya ƙi. Kowane dutse sai da ya juya shi har ya zauna.

Ran tara ga Agusta, bayan azahar, ruwa ya ci gida goma sha tara a unguwar, har da nasa. Rahoton hukuma ya ce mazauna wurin sun yi gini a hanyar ruwa saboda ƙarancin ilimi. Katangar tana nan har yau, ko dutse ɗaya bai goce ba.