Tagar Ɗakin Milutin

Kukan saniyar ne ya fara ba ni tsoro. Rana ta yi tsaka, ga nono ya cika mata hantsa, kuma yayana Milutin ba mutumin da zai bar saniya ba tatsa ba ne ko da gidan na cin wuta.

Na tura ƙofa na shiga. Ɗakin a rufe ruf, zafi kamar gidan burodi, ga warin barasa. Yayana na kwance, an naɗe masa fuska da gyale, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Matarsa Stamena ta tare ni da cewa promaya ce kawai, wato iskar nan da ke ratsa ɗaki in an bar taga da ƙofa a buɗe. A ƙauyenmu babu ciwon da ba a ɗora wa promaya, tun daga sanƙarewar wuya har ciwon haƙori, maganinta kuma tsumma ne da barasa. Ni ma da hakan na tashi. Amma da na kira sunansa ya buɗe baki harshen ya ƙi, sai na bugo wa motar asibiti waya, Stamena na ta mitar wai na cika ɗaga hankalin mutane.

Kafin su iso na taɓa gyalen. Ya bushe ƙayau, alamar an daɗe da jiƙa shi da barasar.

A asibitin birni wata likita ce ta karɓe mu, siririya, ba ta da lokacin gaisuwa. Ta ce gudan jini ne ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwarsa, akwai allurar da ke narkar da shi, amma sai a 'yan sa'o'in farko. Ta tambayi yaushe aka gan shi lafiya ƙalau na ƙarshe.

Stamena ta ce yanzun nan, suna gama cin miyar wake.

Na dube ta, ta kau da kai. Tun ranar da aka kawo matar nan gidanmu ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba, kuma na san yadda take murza bakin zanenta in tana ƙarya. Wace miyar wake? Murhun a sanyi na same shi. Raina ya shiga kawo mini abubuwa marasa daɗi. Ko dai faɗa suka yi ta ture shi? Ko barinsa ta yi kwance ta tafi gulma maƙwabta? Har abin da ya fi haka muni sai da na zarga, ina kallon ma'aikaciyar jinya tana neman jijiya a hannun yayana.

Na ce wa likitar gyalen a bushe yake, saniya kuma ba a tatse ta ba tun safe.

"Ke Danitsa, kin fi ni sanin mijina ne?" in ji Stamena. "Ina ce daga shigowarki kenan?"

"Daga shigowata kenan, amma hancina da idona suna aiki, matar Yaya."

Likitar ta sa aka dakata da allurar. Ta jawo kujera ta zauna gaban Stamena, ta ce ita ba alƙali ba ce, ba laifi take nema ba.

"Mama, ki saurare ni. In ya daɗe a haka muka yi masa allurar nan, jini na iya ɓallewa a kansa. Ba warkewa zai yi ba, mutuwa zai yi. Yaushe ne?"

Stamena ta daɗe tana murza zanen. Da ta yi magana, da ƙyar muka ji ta.

"Da asuba ya farka a haka. Ni na buɗe tagar, zafi ya hana ni barci, ƙofa kuma a buɗe take. Ni na yi masa."

Ashe abin da take ɓoyewa kenan. Tun asuba ta jiƙa gyale ta naɗa masa, duk safiyar nan tana fatan bakin ya miƙe kafin wani ya shigo ya san ta sa wa mijinta promaya. Likitar ta ce iska ba ta toshe jijiya, hawan jini ne da shekaru. Stamena ta gyaɗa kai irin na wanda ake lallashi. Hoton ƙwaƙwalwa ya tabbatar lokacin allurar ya wuce, aka mayar da ita, aka ba shi wani magani. Na ji haushin matar nan har wuya, na kuma ji tausayinta, abin da ban saba ba.

Yayana ya rayu. Ƙafa ta dawo a hankali, da sanda, hannun kam bai dawo ba. Stamena ce ke aske shi, ta ba shi abinci a baki, ta motsa masa yatsu safe da yamma yadda aka koya mata. Saniyar ta koma hannuna. Tagar ɗakin kuwa tun ranar da aka sallamo shi Stamena ta buga mata ƙusa.

Bazarar da ta zagayo na same shi zaune yana ta gumi, yana kokawa da harshensa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna.

"Stamena... buɗe... taga."

Maganarsa ta farko kenan da ta fita daidai, da sunanta a ciki. Ta saki cokalin da ke hannunta, ta rungume kansa tana kuka. Sannan ta ɗauko mafici ta zauna kusa da shi tana yi masa fifita a hankali, ta juya wa tagar baya.