Kukan Celina

Tun da muka binne Debby, yayata Celina ba ta sake taɓa ƙaramar 'yarta ba. Da zarar Precious ta matso, sai Celina ta ja da baya, ta ce bari ta duba tukunya, alhali ko wuta ba ta kunna ba. Sikila ce ta ɗauke Debby tana sakandare, kuma irin jinin ne a jikin Precious. Celina ta riga ta yanke wa kanta hukunci: ita ta haife su, ita ta ba su ciwon, saboda haka ita ce mai kisan.

Ni ce Martha, ƙanwarta. Ina ɗinki a Kakuri, kuma kowa ya san bakina ba shi da linzami. Na yi mata faɗa, na yi lallashi, har kuka na yi a gabanta ko za ta taya ni. Ko ɗigon hawaye! Ina za ta iya? Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinmu. A wurinmu, idan mai makoki ta ɓarke da kuka, sai mata su kewaye ta su ɗaga waƙa har ta danne muryarta, wai kada ta yi baƙin ciki irin na marasa bege. Ranar jana'izar 'yarta, da kanta Celina ta miƙe ta ba da waƙa, mata suna ta yaba ƙarfin bangaskiyarta. Ni kam tsoro ne ya kama ni.

Mijinta Bitrus mutumin kirki ne, amma ya kai bango. Yana fita aiki tun safe, yarinya mai sikila kuwa tana bukatar wanda zai matsa mata ƙafa idan ciwon ya tashi. Ya ja ni gefe ya ce ranar Asabar da yamma yayarsa za ta zo ta tafi da Precious Zonkwa. Na san idan yarinyar nan ta bar gidan, sai dai mu shirya wani makokin.

Cikin masu kawo mini ɗinki akwai Anti Scholastica, tsohuwar nas, wadda ke koyar da yoga a wani zaure a Barnawa kowace Asabar da safe. Ni a da ɗauka nake yi aikin matan manya ne masu son rage tumbi. Amma na gwada fasto, na gwada asibiti, ba abin da ya rage mini. Da safiyar Asabar ɗin na tura Celina cikin keke Napep kamar buhun masara, ba ta ma tambayi inda za mu ba.

Muka tarar da mata kaɗan a kan tabarmi. Aka ce mu miƙe hannu, mu sunkuya, mu ja numfashi a hankali. Ƙashin bayana har ƙara ya yi. Celina kuwa tana yin duk abin da aka ce, fuskarta ba alamar rai. Na fara cire tsammani.

Daga baya Anti Scholastica ta sa kowa ya kwanta ya rufe ido, ta zo ta durƙusa kusa da yayata.

"Maman Debby, ɗora hannunki a ƙirji. Yauwa. Ja numfashi. Idan tunani ya zo, kada ki kore shi, kada kuma ki bi shi." Ta ɗan dakata. "Matar nan da ke ƙarƙashin hannunki, yi mata magana kamar yadda za ki yi wa ƙawarki da ta rasa 'ya."

"Ba ta cancanta ba," in ji Celina, murya a bushe.

"Ban tambaye ki ko ta cancanta ba, my sister. Tana jin zafi?"

Celina ta ƙara danna hannun a ƙirjinta.

"Tana ji."

"To ce mata sannu."

Leɓen Celina ya motsa. Sai wani ihu ya fito daga cikinta, irin wanda ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ta naɗe jiki tana kiran sunan Debby. Ni ma hawaye nake yi, amma a raina godiya nake wa Ubangiji.

Ana cikin haka aka banko ƙofa. Ashe wata ta gan mu muna shiga, ta kai wa Mama Lydia, shugabar Zumunta, labarin wai na kai Celina wurin bautar gumakan Indiya. Ga ta nan da sauran mata sun taso daga koyon waƙa, duk da zanen Zumunta a jikinsu. Da suka ji kukan, ko tambaya ba su yi ba. Suka kewaye ta, suka ɗaga waƙa suna tafi. Ina kallo kukan ya fara sarƙewa a wuyanta. Bakinta ya fara bin waƙar, don abin da ya saba ke nan.

Raina ya ɓaci har idona ya rufe.

"Ku yi shiru! Ku yi mata shiru, don Allah!"

"Martha, ba ki da kunya?" in ji Mama Lydia. "Ki kawo mai makoki gidan tsafi, sannan ki ɗaga mini murya?"

Kafin in ba ta amsar da zan yi nadama, Celina ta kamo gefen zanenta.

"Mama, ku bar ni," ta ce. "'Yata ta mutu. Ku bar ni in yi kukanta."

Ba ta taɓa furta kalmar ba sai ranar. Tafin ya mutu a hannun mata. Mama Lydia ta daɗe tana kallonta, sannan ta sauka a hankali, da ciwon gwiwarta da komai, ta zauna a tabarmar.

"Lokacin da ɗana Wilson ya rasu, ke kika ba da waƙa," ta ce, ta dafa maƙogwaronta. "Har yau abin yana nan. Yi kukanki, 'yata."

Sai bayan la'asar muka isa gida. Yayar Bitrus ta riga ta zo, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa da jakar yarinyar a hannu. Precious tana zaune a benci, ta cije leɓe, ƙafafun sun fara damunta. Celina ta tsaya cak. Na ga ta lumshe ido ta ja dogon numfashi, ta sake ja. Sannan ta taka, ta durƙusa, ta ɗora ƙafafun a cinyarta ta fara matsawa.

Precious ta kalli kumburarrun idanun uwarta.

"Mama, ni ma zan mutu kamar Debby?"

Na buɗe baki zan ce Allah ya kiyaye, amma Celina ta riga ni.

"Ban sani ba, Precious. Ni ma tsoron da nake ji ke nan."

Yarinyar ta rungume wuyanta da ƙarfi.

"To kar ki bari a tafi da ni."

Celina ta ɗaga kai ta dubi mijinta, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Baban Debby, mayar da jakar nan ɗaki."