Jan Fenti a Bangon Nagoggo

Nagoggo, manomin shinkafa a Diggi, ya dawo daga fadama ya tarar an shafa jan fenti a bangon gidansa, daidai ƙirjin mutum. Wata mata na tsaye da takardu a hannu. Ta ce sunanta Sa'adiyya, daga ƙaramar hukuma a Kalgo.

"Baba, alama ce kawai. In babbar ambaliya ta zo, nan ruwa zai kai. Muna rubuta masu kwalekwale da tsofaffin da ba sa iya gudu."

"Shekarata sittin da huɗu, ruwa bai taɓa wuce bakin rijiya ba. Wa ya aiko ku auna muna gidaje?"

Ya ce mata ba shi da kwalekwale, alhali biyu gare shi. Tana tafiya ya ja su cikin ciyawa ya rufe. Tun bara ake raɗe-raɗin wasu masu kuɗi na son fadamar, kuma a ganinsa da fenti ake farawa.

Washegari ya shiga mota har Ceberu ta ƙasar Gwandu wurin surukinsa Mujtaba, tsohon malamin makaranta. Mujtaba ya karanta takardar da Sa'adiyya ta raba musu a Diggi har sau biyu.

"Babu maganar ƙasa ciki. Mu ma an yi muna a Ceberu."

"Har Ceberu? Ashe abin ya fi yadda na zata."

Ranar gwaji aka yi shela kowa ya hau tudun makaranta kamar ruwan ya zo. Nagoggo ya tafi gona ya zauna a kan kunya da fartanya, yana jiran masu awo. Ba wanda ya zo sai Sa'adiyya, takalmi a hannu, laka har gwiwa.

"Baba, kowa ya hau. Saura kai da Inna Jummai makauniya, can tsallake. Ba mu da abin ɗauko ta."

Jummai ce ta goye shi yana jariri.

"Rubuta kwalekwale ɗaya," in ji shi. "Amma kada in ga sunan gonata a takardar nan."

Ta juyo masa takardar, ya bi ta da ido ko da yake ba ya karanta boko.

Damina ta wuce lafiya, ambaliya ba ta zo ba. Da aka kira taro kan maganar ambaliyar ya je, ya zauna can baya kusa da ƙofa, ya saurari komai, bai dangwala yatsa a ko'ina ba.